Yadda Na Gudu Da Halifa Daga Askar Tsoho

Halifa, wannan babin naka ne, kuma ina so ka karanta shi kafin mutanen Aujara su riga ni zuwa kunnenka. Na san za a ce yarinyar da ko sakandare ba ta gama ba, me ta gani a duniya da har za ta zauna rubuta tarihin rayuwarta. To, a shekarar da aka haife ka na tsufa. In ka duba tsakiyar kaina da kyau za ka ga furfura, ko da yake Inna ta rantse zaren buhu ne ya maƙale. Za su gaya maka cewa yayarka Zulai ta sace ka kana jariri, ta kunyata kakanka a idon gari. Sata kam na sace ka, ban musa ba. Amma labarin yana da kai yana da ƙafa, su kuwa tsakiyar kawai suke ba mutane.

Gidanmu gidan wanzamai ne. Kakanmu, wanda aka sa maka sunansa, shi ya sa ake ce maka Halifa don babu mai iya kiran sunan a cikin gida, mu jikoki Tsoho muke ce masa. Babu namiji a unguwarmu da askarsa ba ta bi ta kansa ba. Shi ke askin suna, shi ke kaciya, shi ke yi wa manoma ƙaho in damina ta wuce bayansu ya riƙe. Na sha tsugunawa a gefe ina kallo. Ya ɗan tsattsaga fata, ya kifa ƙaho, ya zuƙa da baki, ya toshe, can in ya ɗaga sai ga jini baƙi ƙirin ya dunƙule kamar hanta. Mutum ya miƙe ya yi miƙa, ya ce ji yake kamar an sauke masa buhun gero. Hannun Tsoho ba ya rawa. Ina gaya maka wannan don kada wani ya sa ka ɗauka mugu ne ko bai san aikinsa ba. Ni da shi kuwa kullum cikin tsiya muke, irin ta jika da kaka. Ya ce mini uwargida marar tuwo, in ce masa ango marar haƙori.

Abba, ubanmu, bai gaji askar ba. Noma yake yi, da rani ya yi acaɓa tsakanin Aujara da Jahun. Ban taɓa jin ya ce wa Tsoho a'a ba. In Tsoho ya ce rana ta faɗi da hantsi, Abba tashi zai yi ya kunna fitila. Inna kuwa ko takalmin Tsoho ta hango a ƙofar zaure sai ta rage murya. Ni ce 'yar farinta, saboda haka ba ta kiran sunana. "Ke" nake a bakinta, ranar da ta ji daɗina in zama "ke yarinya". Sai ni, da gida ya laƙaba wa Gidan Rediyo, wai ba na mutuwa kuma ba a yarda da labaraina. Abin da na yi musu kawai shi ne, in na ga ɓera a rumbu nakan ce ya kai ɗan akuya, don labari ya yi daɗin ji.

Ranar sunanka, da Tsoho ya gama yi maka aski, ni na fara ganin abin. Ɗan jan ɗigo ne a fatar idonka na hagu, kamar cizon cinnaka. Na faɗa, aka ce sauro ne. Kafin Inna ta gama wankan jego ya kai ƙwayar wake. Daga nan ya shiga girma kamar ana zuba masa taki. Ya taso, ya yi ja mai duhu kamar ƙaramin tumatir da ya nuna, ya danne fatar idon har idon ya koma ɗan tsagi. Kana kallon duniya da ido ɗaya kamar mai leƙen maƙwabta ta ramin katanga. Duk matar da ta shigo gidan da nata maganin take tafe. Wannan ta ce man shanu, waccan ta ce toka, wata ta ce a rufe maka fuska don bakin mutane. Tsoho kuwa kallo kawai yake. Sai wata safiya ya karɓe ka, ya juya fuskarka ga hasken rana, ya daɗe yana dubawa.

"Jini ne ya taru ya mutu a wurin," ya ce. "'Yar tsaga kaɗan, a ɗora ƙaramin ƙaho, ya sace. Ranar Asabar da hantsi, in Allah ya kai mu."

"To, Baba," in ji Abba.

Inna tana bakin murhu ta ba mu baya. Na ga muciyar ta tsaya cik a cikin tukunya.

Kafin Asabar ɗin ranar allurar rigakafinka ta zo. Inna tana fama da zazzaɓi, sai aka goya mini kai na tafi Jahun. Malamar asibitin da ke yin allurar wata doguwa ce mai tabarau. Tana buɗe fuskarka ta ajiye allurar. Ta sa babban yatsanta ta danna kumburin a hankali, wurin ya koɗe, tana ɗagawa ya sake cika ya yi ja.

"Ina uwarsa?"

"Tana gida, ba ta da lafiya."

"Akwai wanda ya taɓa wannan abin?"

"Babu, sai ranar Asabar. Kakanmu zai yi masa ƙaho."

Ta cire tabarau ta dube ni har sai da na ji kamar ni ce kumburin.

"Buɗe kunnenki. Wannan ba ƙurji ba ne, ba mataccen jini ba ne. Jijiyoyi ne suka cure wuri ɗaya, jini yana gudu a cikinsu yanzu haka. Kada ƙarfe ya taɓa shi. Jariri ba shi da jinin zubarwa, ga ido a ƙarƙashi. Ku kai shi babban asibiti a Dutse, kada ku jira."

Duk hanyar gida maimaita maganar nake yi, don kada in ƙara kada in rage. Wallahi Halifa, a ranar ko gishiri ban sa ba. Na tarar da Tsoho da Abba a zaure bayan la'asar, na durƙusa, na zayyana musu yadda aka gaya mini. Tsoho ya yi dariya har dasashinsa ya fito.

"An buɗe tasha. Yau kuma labarin me, ɓeran nan mai kama da akuya ya haihu?"

"Tsoho, da gaske nake. Ta ce jini mai rai ne."

"Ta ce. Ina riƙe da aska tun ba a yaye uwarta ba. Sunana yaron nan yake ɗauke da shi, uwargida. Ni zan cuce shi?"

"Abba, don Allah ka je ka tambaye ta da kanka."

"Tashi ki ba manya wuri," in ji Abba, bai ko dube ni ba.

Da na shiga ɗaki Inna tana kwance. Abu ɗaya ta tambaye ni.

"Ke. Da ta danna, ya dawo ja?"

"Nan take, Inna."

Ta juya ta ba ni baya. Amma can na hango ta ta jawo ka jikinta, ta sa ƙaramin yatsanta a kan kumburin, ta danna, ta ɗaga.

Ranar Asabar ƙarar wasa aska ce ta cika gidan. Tsoho yana zaure yana goga 'yar askar tsaga a kan dutse, siii, siii, kowane ja sai na ji shi a haƙorana. An ɗora ruwan zafi. An shimfiɗa tabarma inda haske ya fi. Abba ya fita kiran maƙwabcin da zai riƙe ka, don ya ce shi ba zai iya ba. Inna ta zaunar da kai a cinya ta ba ka nono, wannan ɓangaren da wancan, har ya dinga zubowa ta gefen bakinka. Ban taɓa ganin an ɗura wa mutum abinci haka ba, ko ragon layya ba a yi masa wannan gatan. Sannan ta ɗauko sabon zaninta na fita unguwa, ta ɗora mini kai a baya, ta ɗaure majanyi har numfashina ya rabu biyu. Ta ɗaga murya yadda za a ji a zaure.

"Ke, zagaya da shi bayan gida ya yi barci kafin a gama shiri."

Sai ta matso dab da kunnena, hannunta yana kan ƙullin majanyin.

"Zulai," ta ce.

Shi ke nan. Ba ta ce gudu ba, ba ta ce Dutse ba, kuma in ka tambaye ta yau za ta ce ba ta tuna ba. Amma tun da aka haife ni ban taɓa jin sunana a bakinta ba sai ranar.

Ta ɓarakar dangar da awaki ke fita na bi. Na ratsa karan dawa ina gudu ina tafiya, kai kuma kana barci abinka kamar wanda ya biya mota. A bakin titi mai keke-napep ɗin da ya fara tsayawa ya san ni.

"A'a, jikar Wanzam! Ina zuwa da sassafe?"

"Jahun. Daga can Dutse, wurin Gwaggo."

"Hau mana. Kakanki ne ya yi mini kaciya, har yau ina jin tsoronsa."

Da muka isa tashar Jahun shi ya damƙa ni ga wani direba, ya ce jikar Wanzam ce ta Aujara, a kai ta Dutse lafiya. Ka ji fa. Daga askar Tsoho nake gudu, kuma sunan Tsoho ne yake buɗe mini hanya. Motar ta ƙi cika. Ɗan kamasho yana ta ihun saura mutum ɗaya, mutum ɗayan nan kuwa ina jin ba a haife shi ba tukuna. A ranar na gane duk baburan duniya muryarsu ɗaya da na Abba. Kowanne ya taho sai in nutse a kujera in ja hijabi. Na riga na ga yadda za a yi: Abba ya buɗe ƙofa, ya ce fito, in fito, mu koma, ruwan zafin bai ma huce ba.

Da ƙyar muka tashi. Aka matse ni tsakanin wani dattijo da wata mata mai kwandon kaji. Na kwanto ka na rungume. Zafi ya tashe ka, ka fara kuka, kana ta wutsil-wutsil da hannu. Kafin in kama hannun ka kai farce kan kumburin. Ɗan karce ne, Halifa, da farcen da bai kai ɓawon albasa kauri ba. Sai ga jini. Ba baƙi ba irin na ƙahon Tsoho, ja ne jawur, yana bin kumatunka yana shiga kunne. Na ji motar tana juyawa da ni.

"Danne, 'yar nan!" in ji mai kajin. "Sa gefen hijabinki ki danne, kada ki ɗaga ki leƙa."

Na danne. Kana tsala ihu, kaji suna taya ka, dattijon yana ta salati, direba yana tambaya ko ya tsaya, matar tana ce masa ya taka mota. Ban san tsawon lokacin ba. Na dai san hannuna ya mutu, kuma duk lokacin abin da nake gani a idona shi ne 'yar askar nan da aka wasa da safe. Sai da duwatsun Dutse suka bayyana matar ta ce in ɗaga a hankali. Jinin ya tsaya.

Gwaggo Asabe, ƙanwar Abba, a Dutse take aure. Ina shiga gidanta na tarar da ita tsaye da waya a hannu.

"Ke! Don ubanki, an tashi gari ana leƙa rijiyoyi!"

Ta ɗaga hannu za ta wanke ni da mari. Sai ta ga jini a hijabina, ta ga idonka. Rabonta da kai tun ranar suna. Hannun ya sauko da kansa. Na gaya mata maganar malamar Jahun, ita kuwa ba ta ce an buɗe tasha ba. Ta danna waya.

"Yaya, suna wurina. Lafiya lau. A'a, ba zan sa su a mota ba. Asibiti za mu, ku same mu can."

Likitar yaran da muka gani sunanta Dokta Rifkatu, 'yar Filato ce, gajeriya mai sanyin murya. Ta duba ka, ta wanke wurin, ta ce ba za ta yi komai ba sai iyaye sun zo. Muka zauna a benci. Yunwa ta kama ka, kana tsotsar yatsana kana tsine mini da ido ɗaya. Bayan azahar suka iso. Inna ce ta fara shigowa, ta fizge ka, ta juya ga bango ta ba ka nono. Abba yana bayanta, fuskarsa kamar an shafa toka. Sai Tsoho, zabirarsa ta kayan aski a kafaɗa, don ko gaisuwar mutuwa ba ya zuwa ba tare da ita ba. Ya wuce ta gabana kamar benci ne kawai a wurin.

"Na zo ɗaukar jikana," ya ce wa likitar.

Ta miƙe, ta rusuna ta gaishe shi, ta jawo masa kujera.

"Baba, sannu da hanya. An ce mini kai wanzami ne. Don Allah ga ruwa, wanke hannu ka taɓa mini wurin nan."

"Na taɓa shi tun kafin ki san da shi."

"Ka danna ka saki?"

Ya dube ta. Ya wanke hannu. Inna ta matso da kai, kanta a sunkuye. Ya sa yatsa nesa da karcen ya danna, ya ɗaga. Ya sake.

"Da ɗumi," ya ce can ƙasa. "Kuma yana dawowa."

"Yauwa, Baba. Bari in gaya maka abin da ke ciki. Kowace jijiyar jini, har wadda ta fi gashi siranta, cikinta a shafe yake da wasu ƙwayoyi ƙanana, kamar yaɓen ɗaki. Kowace ƙwaya a jikin mutum tana ɗauke da umarnin da ya gada daga uwa da uba, cikakke ba ragi. Kamar zabirar nan taka. Komai yana ciki, amma in za ka yi aski ba ka fito da ƙaho. Su ma haka suke. Ƙwayar ido ta fito da abin aikinta, ta jijiya ta fito da nata, sauran yana nan a rufe."

Tsoho ya gyara zabirar a cinyarsa.

"To cikin kayan ƙwayoyin jijiya akwai umarnin da ke cewa ku ƙaru, ku yi rassa. Yaro yana cikin ciki da shi suke aiki, don a shimfiɗa masa hanyoyin jini. In mutum ya ji rauni, naman wurin ya rasa isasshiyar iskar da jini ke kai masa, sai ya aika musu saƙo, su sake fito da umarnin su gina sababbin hanyoyi. In an gama, wani saƙon ya zo, su mayar su rufe. Da haka tsagar da kake yi take warkewa. Na kan idon nan su ne suka fito da shi ba su mayar ba. Dalilin da ya sa, mu ma ba mu gama sani ba."

"Ba za su mayar ba ke nan har abada?"

"Yawanci suna mayarwa da kansu. A hankali, cikin shekaru, sai abin ya sace."

"To me ya kawo mu nan?"

"Ido, Baba. Da a baya yake ko a cinya, da na ce ku koma gida ku sa masa ido kawai. Amma yanzu ne ƙwaƙwalwarsa take koyon gani. Idon da ya zauna a rufe a wannan lokacin takan yi watsi da shi. Ko ya buɗe daga baya, sai ya zama ado. Akwai maganin sha, asalinsa na zuciya da hawan jini ne. Yana tsuke jijiyoyin, yana kuma rage saƙon da ke ce musu su ƙaru."

"Maganin zuciya. Ga jariri."

"Shi ya sa za mu riƙe shi a nan tukuna, mu ga yadda zuciyarsa za ta karɓa. Ba zan ɓoye muku ba, yana da sharaɗi. Sai ya ƙoshi ake ba shi. Ranar da ya ƙi nono ko numfashinsa ya canza, a dakata a kawo shi."

Tsoho ya miƙe ya rataya zabira. Na ɗauka an gama, har na fara jin iska tana shiga ƙirjina.

"Na ji, 'yata, kuma na gode. Ba zan tsaga ba. Amma ba za a ɗura wa mai sunana maganin tsofaffi ba. Da bakinki kika ce zai sace da kansa. Ku tashi mu tafi gida."

Inna ta ƙanƙame ka. Na buɗe baki, Gwaggo ta mintsine ni a cinya har yau in aka yi sanyi wurin yana yi mini ciwo. Likitar ba ta yi jayayya ba. Ta juya ta dubi Abba.

"Malam, kai ne uba."

Abba yana kallon siminti kamar an rubuta masa amsa a wurin. Ya dubi Tsoho, ya dubi idonka da ya koma tsagi, ya dubi jinin da ya bushe a hijabina. Sai ya cire hula, ya durƙusa a gaban Tsoho a tsakiyar ofishin mutane.

"Baba, ka yi haƙuri. A bar shi a nan."

"Me ka ce?"

"A bar shi, Baba."

Tsoho ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, ɗansa, 'yarsa, surukarsa. Ni ce ta ƙarshe, kuma a kaina ya fi daɗewa.

"To," ya ce. "Allah ya ba shi lafiya."

Ya fita. Abba ya bi shi da babur har bakin titi yana roƙo, ya ƙi hawa. Motar haya ya shiga ya koma Aujara shi kaɗai.

Zuciyarka ta karɓi maganin. Tun muna asibiti jan ya fara dushewa, kumburin ya yi laushi. Muka dawo gida da kwalba da sirinjin aunawa, ni ce mai tsaron lokaci, Inna ce mai ɗurawa. In ka yi atishawa sai mu duka mu tsaya muna kallon ƙirjinka. Amma gidan da muka dawo ba shi muka bari ba. Labari ya riga mu isowa, kuma wannan karon ba ni na yaɗa shi ba. Ana cewa an gudu da jikan Wanzam don kada ya taɓa shi, to wa zai miƙa masa nasa? Aka yi haihuwa a bayan layinmu, suka ɗauko wanzami daga wajen Taura. Tsoho yana zaure yana jin guɗa, zabira a rataye a ƙusa. Abba bai dake ni ba, bai kuma taɓa tayar da maganar ba. Shi da Tsoho sai gaisuwa da zancen gona. Ni kuwa in na durƙusa na gaishe shi sai ya ce "Lafiya," kamar baƙuwar da ta zo tambayar hanya. Wata rana na daure na tsokane shi yadda muka saba. Ya dube ni, ya ci gaba da jan carbinsa. Da ya zane ni da tsumagiya da ya fi mini sauƙi. Kai ma tun ranar bai ƙara ɗaukar ka ba.

Watanni suka tafi, kumburin ya koma launin toka, ya kwanta, fatar idon ta ɗaga. Mata suna shigowa suna cewa ido ya buɗe, masha Allah. Amma Dokta Rifkatu ta riga ta gaya mana buɗewa daban, gani daban, kuma sai mun koma masu duba ido sun gwada za a tabbatar. Na kasa jira. In babu kowa sai in ɗauko cokali in dinga wulga maka ta hagu, kai kuma ka juyo da kanka gaba ɗaya ka kalla da na dama. Abin da ke cina ke nan. Idan an makara fa? Idan na raba Abba da ubansa, na rataye zabirar Tsoho a ƙusa, kuma idon ya tafi duk da haka?

Wata safiya da hantsi kana zaune a tabarma a tsakar gida, an tokare ka da matashi. Inna tana daka, ni ina wanke-wanke. Tsoho ya shigo da buta zai zagaya. Ya wuce ka, sai ya tsaya. Ya ajiye butar, ya dawo ya tsuguna a gabanka. Ya sa tafin hannunsa ya rufe maka idon dama ruf. Ka fara ƙunƙuni kana ture hannun, bai ɗaga ba. Ya laluba aljihu ya fito da jan goro, ya riƙe shi a gaban fuskarka. Taɓaryar Inna ta tsaya a sama. Ya ja goron a hankali zuwa gefe. Idon bai motsa ba. Na ji kwanon da ke hannuna ya yi nauyi kamar dutsen niƙa. Ya dawo da goron tsakiya, ya matso da shi kusa, ya sake ja a hankali, a hankali.

Idon ya bi shi. Ya yi sama da goron, idon ya yi sama. Ya yi ƙasa, ya bi shi ƙasa. Sai ka miƙa hannu ka cafke goron ka nufi baki da shi.

"Yana gani," in ji Tsoho.

Inna ta saki taɓarya ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da zani. Tsoho ya ɓamɓare goron daga hannunka, ya ɗaga ka sama, ya daɗe yana duban idon.

"In kun koma Dutse, ku gaya wa yarinyar nan, likita."

Ni ce kusa da shi, har na goge hannu a zani na miƙa don in karɓe ka. Ya zagaye ni ya ɗora ka a cinyar Inna, ya ɗauki butarsa.

Har yau da nake wannan rubutun, "Lafiya" yake ce mini. Kai dai in ka tashi da safe, ka je zaure ka durƙusa, ka dube shi da idanun nan biyu, ka gaishe shi da kyau.